Alherin da Ido Ke Gani da Wanda Ba Ya Gani

Akwai wata tambaya da na daɗe ina juya ta a zuciyata, na kuwa ga ya kamata in shimfiɗa ta gaban masu karatu, ko Allah Ya sa a sami wanda zai amfana. Ga mutum biyu a gari ɗaya. Na farko yana wucewa sai ya ji kukan yaro cikin rijiya, ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya shiga ya fito da shi da rai. Na biyu kuwa tun shekarun baya ya ga bakin wata rijiya daidai da ƙasa, ya sayo itace da kuɗinsa, ya ɗaure bakinta, ya yi mata murfi, saboda haka har yau ba ɗan wanda ya taɓa faɗawa. Na farko duk gari an san shi, uwar yaro tana sa masa albarka har ta koma ga Allah. Na biyu ko ranar jana'izarsa ba mai cewa ga ɗan da ya ceta, domin shi kansa bai san ko ɗan wane ne da zai faɗa ba. To, a cikinsu wane ya fi alheri? Kuma mene ne hakkin kowannensu a kanmu?

Ban sami ma'aunin da ya fi dacewa da wannan mas'ala ba kamar labarin cutar shan inna, domin a cikinsa an ga irin mutanen nan biyu ƙuru-ƙuru.

Kakanninmu sun ba cutar wannan suna ne don sun ɗauka wata iska ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro. A shekarar 1908 wasu masana biyu a birnin Biyana, Karl Landsteiner da Erwin Popper, suka nuna cewa ƙwayar cuta ce mai ƙanƙanta ƙwarai. Tana shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, ta zauna cikin hanji ta yi ta haihuwa, sa'an nan ta fita cikin bayan gida ta nemi wani yaron. A cikin yara ɗari da ta shiga, kamar saba'in ba za su ji ko ciwon kai ba. Waɗansu su yi ɗan zazzaɓi su warke. Amma kamar ɗaya cikin 200, sai ta bi jini ta kai ga lakar da ke cikin ƙashin baya, ta kashe jijiyoyin da ke kai wa tsoka umurni. Tsokar da umurni ya daina iso mata sai ta saki, ta rame, ƙafa ta shanye. Wannan kowa ya gani a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani lokaci tsokar da ke mutuwa ita ce ta numfashi, kuma a cikin waɗanda cutar ta shanye, biyar zuwa goma bisa ɗari ta nan suke rasuwa.

A nan sai mu ɗan tsaya mu dubi yadda Ubangiji Ya tsara numfashi. Huhu ba shi da ƙarfin jawo iska da kansa. Misalinsa kamar zugazugin maƙeri ne: fata ce kawai, in ba yaron maƙera ya sa hannu ba, ko toka ba za ta motsa ba. Mai zugan ɗan Adam wani faffaɗan tantani ne na tsoka wanda ya raba ƙirji da ciki, tare da 'yan tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. In tantanin nan ya ja ƙasa, ƙirji ya buɗe, sai iska ta kwararo ta cika wurin. In ya saki, ƙirji ya koma, iska ta fita. Babban mutum yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowane ja kamar rabin lita, yana barci yana farke, ba tare da ya tuna ba. Iskar nan tana bin maƙogwaro, ta rarrabu cikin rassa kamar na itace, har ta isa waɗansu 'yan jakunkuna miliyoyi ɗaruruwa, waɗanda bangonsu ya fi fatar albasa sirantaka nesa ba kusa ba. A nan jini ke karɓar oksijin, watau sashen iska mai rayarwa, ya kuma sauke iskar kabon, wadda ita ce hayaƙin da jiki ke fitarwa bayan ya ƙona abinci.

Cututtukan ƙirji kowace da wurin da take kamawa. Tarin fuka yana cin naman huhun kansa har ya yi kogo a ciki. Namoniya tana cika 'yan jakunkunan nan da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin zama. Asma tana matse rassan da iska ke bi. Shan inna kuwa ba ta taɓa huhu, tana barinsa lafiya lau, sai ta kashe jijiyar da ta sauko daga lakar wuya zuwa tantanin nan. Zugazugi na nan sabo, amma yaron maƙera ya mutu. Yaro yana kwance da hankalinsa, yana kallon uwarsa, iska ta cika ɗaki, shi kuwa ba shi da ikon jawo ta.

A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard a Amurka suka ƙera wani akwati da aka yi wa laƙabi da huhun ƙarfe. Ana shigar da majiyyaci ciki duk jikinsa, kansa kaɗai ke waje, a toshe wuya da roba. Inji ya zuƙe iskar akwatin, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga ta hanci. Inji ya saki, ta fita. Ya ceci dubbai, har akwai wani mutumin Dallas, Paul Alexander, wanda cutar ta kama shi a 1952 yana da shekara shida, ya dogara da akwatin nan fiye da shekara saba'in, ya yi karatu har ya zama lauya, bai rasu ba sai a 2024. Amma akwatin yana da tsada da nauyi, kuma in cutar ta hau har gindin ƙwaƙwalwa ta hana haɗiya, yawu yakan taru a maƙoshi ya gangara cikin huhu, akwatin ba shi da dabarar hana wannan.

A bazarar 1952 annobar ta faɗa wa Kopenhagen, babban birnin Danmak. Asibitin Blegdam, inda ake kai masu cututtuka masu yaɗuwa, huhun ƙarfe ɗaya tak gare shi, da waɗansu ƙanana guda shida da ake ɗaurawa a ƙirji. A cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya kasa, 27 suka rasu. Da babban likitan, Henry Lassen, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai aka kirawo Bjorn Ibsen, wanda aikinsa shi ne sa majiyyaci barci a ɗakin fiɗa da lura da numfashinsa. Ibsen ya duba ya ce abin da ke kashe mutanen nan iskar kabon ce da ta taru cikin jininsu don numfashinsu bai kai ya fitar da ita ba, ita ce ke sa su zufa, jininsu ya hau, hankalinsu ya gushe. Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 wadda ake ganin ba za ta kwana ba. Aka huda maƙogwaronta a wuya, aka zura bututu, aka haɗa shi da jakar roba, Ibsen ya yi ta matsa jakar da hannunsa yana tura mata iska. Yarinya ta rayu.

Dabara ta samu, amma ina hannuwan da za su yi ta matsawa dare da rana, ga shi wani lokaci mutum saba'in ne ke bukata a sa'a ɗaya? Sai aka yi kira ga ɗaliban likitanci da na haƙori. Kimanin 1,500 suka amsa. Kowane ya zauna gefen gado ɗaya awa shida ko takwas, yana matsawa yana saki, har wani ya zo ya karɓe shi. An ƙidaya awoyin da suka yi haka sun kai wajen 165,000. Mutuwa ta sauko daga kusan 90 bisa ɗari zuwa wajen 40, daga baya ta ƙara sauka. Daga wannan aiki ne aka sami asalin ɗakin kulawa ta musamman da ke manyan asibitocin duniya yau.

Wannan shi ne mutumin da ya shiga rijiya. Ka duba, ya kai mai karatu, saurayi ɗan shekara ashirin cikin tsakar dare, barci na fizgarsa, ya san in hannunsa ya tsaya minti kaɗan yaron da ke gabansa ya tafi. Yana ganin amfanin aikinsa da idonsa, domin duk matsawa ɗaya ƙirjin yaro yana tashi. Ba ya bukatar wani ya rantse masa cewa abin da yake yi alheri ne, iyayen yaro ma ba su bukata.

Yanzu ga mai murfin rijiya. A shekarar nan ta 1952 cutar ta kama mutum kusan 58,000 a Amurka, fiye da 3,000 suka rasu, fiye da 21,000 suka shanye. Jonas Salk na Jami'ar Pittsburgh ya haɗa allura daga ƙwayar cutar da aka kashe, don jiki ya san kamannin abokin gaba tun bai zo ba. A 1954 aka jarraba ta, yara wajen 1,800,000 suka shiga jarrabawar, ranar 12 ga Afrilu 1955 kuma aka yi shelar cewa tana aiki. Kafin 1957 ta ƙare masu kamuwa a shekara sun koma ƙasa da 6,000. Albert Sabin shi kuma ya yi ta ɗigawa a baki daga ƙwayar da aka raunana, aka ba miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet a 1959, ta fi araha, kuma ba ta bukatar mai iya allura. A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka ɗaura niyyar kawar da cutar, tana shanye yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Yau asalin ƙwayar ba ta da sauran mazauni na dindindin sai Afganistan da Pakistan.

In lissafi za a bi, ba a ma haɗa su. Ɗaliban Kopenhagen sun yi jinyar 'yan ɗaruruwa, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma sun rayu ne da shanyayyen jiki. Riga-kafi ya tsare miliyoyi, suna tafiya da ƙafafunsu. Amma duk wanda ya taɓa riƙe rajista a ofis ya san wani abu: akwai shafin haihuwa, akwai na mutuwa, akwai na masu ciwo, amma ba a taɓa buga shafin abin da bai faru ba. Saurayin da ke buga ƙwallo yau bai san cewa shi ne ɗaya cikin 200 ɗin nan ba, ubansa ma bai sani ba. Don haka matar da ta bi gida gida cikin rana da akwatin ƙanƙara a kafaɗa ba ta da wanda zai nuna ta ya ce ita ta ceci ɗana. A ganina alherinta ya fi yawa, ya kuma fi kusa da ikhlasi, domin an cire mata ko da ɗanɗanon godiya. Ban rage wa mai shiga rijiya kome ba, gama in yaro ya riga ya faɗa, murfi ba ya fito da shi. Sai dai garin da ya iya yabon mai shiga rijiya kaɗai, ba zai daina bukatarsa ba.

Akwai masu cewa ciwo da lafiya na Allah ne, shan magani tun ciwo bai zo ba kuwa ƙarancin tawakkali ne. Malamanmu sun daɗe da amsa wannan da labarin Sayyidina Umar, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta sauka can, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Wanda ya yi wa gidansa danga tun ɓarawo bai zo ba, ba mu taɓa jin an ce imaninsa ya yi rauni ba.

Akwai kuma mai cewa, ɗana ne, gidana ne, ba ruwan kowa. Da cutar a jikin ɗansa kaɗai za ta tsaya, da maganarsa ta yi nauyi, ko da yake yaro amana ne a hannun uba, ƙafar da za ta shanye kuwa ba ta uban ba ce. Amma mun riga mun ga yawancin yaran da ke ɗauke da ƙwayar lafiyarsu ƙalau. Ɗanka yana wasa yana dariya, ƙwayar tana fita daga cikinsa makonni, ta bi kwata da ƙuda da hannun da ba a wanke ba, ta isa ga jaririn maƙwabcinka wanda bai kai a gama yi masa riga-kafi ba. Kai ba za ka sani ba, shi ma ba zai sani ba. Ashe kamar yadda alherin nan ba a ganinsa, cutarwar da ke cikin ƙinsa ita ma ba a ganinta. Kuma wannan aiki bai yi kama da sallar jana'iza ba, wadda in waɗansu suka yi ta faɗi a kan saura. Ya fi kama da gyaran ganuwa, inda kowace unguwa ke da rabonta, in ɗaya ta bar nata a rushe duk gari a buɗe yake.

Sai magana ta uku, wadda ita ce mai ƙarfi, ba kuwa zan ɓoye ƙarfinta ba. Mutum ya ce, na yarda da duk wannan, amma yaya zan san abin da ke cikin kwalbar nan? Gaskiyarsa. Tun da alherin nan ido ba ya ganinsa, ba shi da abin tsayawa sai amana, amana kuwa an taɓa cin ta. A watan Afrilun 1955, makonni kaɗan bayan shelar nan, aka tarar waɗansu kwalaben da kamfanin Cutter na Kalifoniya ya yi suna ɗauke da ƙwaya mai rai. Yara wajen 40,000 suka yi rashin lafiya, kimanin 200 suka shanye, goma suka rasu. A Kano kuma, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya jarraba wani sabon magani mai suna Trovan a cikin wani gwaji na yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, ta tarar da ƙasa a jiƙe, aka dakatar da shi a Kano har watan Yulin 2004.

Bincike bai tabbatar da zargin ba, amma kafin a dawo ɓarna ta riga ta auku. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya kamar 200 ne a 2002, a 2006 suka haura 1,100. Ƙwayar ta bi matafiya ta koma ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. Waɗanda suka ci amana a 1996 da waɗanda suka yaɗa maganar da ba su tabbatar ba a 2003, ba ɗayansu da ya rasa ƙafa. Yara ne suka biya, waɗanda ba a yi shawara da su ba. A watan Fabrairun 2013 kuma aka harbe mata tara masu aikin riga-kafi a Kano, Allah Ya jiƙansu.

Abin lura shi ne yadda aka gyara a wuraren biyu. A Amurka hukuma ta janye kwalaben Cutter nan da nan, ta faɗa wa jama'a abin da ya faru, ta tsananta binciken kowane rukuni kafin a fitar da shi, a 1958 kuma kotu ta sa kamfanin ya biya diyya ko da yake ba ta same shi da sakaci ba. Iyaye suka komo da 'ya'yansu. A ƙasarmu ma ba bulala ce ta gyara ba. An aika malamai da likitoci sun je sun gani da idonsu, aka sayo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, a 2009 kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya tattara sarakunan Arewa suka ɗauki aikin a kansu, hakimai da dagatai da masu unguwa suka shiga, manya suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. An ga asalin ƙwayar karo na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka yi shelar cewa yankin Afirka ya rabu da ita.

Daga nan hakkin kowa ya fito. Hakkin da ke kan mai riƙe da kwalba shi ne ya faɗi gaskiya duka, har da mai ɗaci. Ya faɗa cewa ɗigon baki, da yake ƙwayarsa raunanniya ce ba matacciya ba, yakan shanye yaro ɗaya cikin fiye da miliyan biyu da aka ɗiga wa. Ya faɗa cewa a garin da yara kaɗan ne aka yi wa riga-kafi, raunanniyar ƙwayar nan takan yi ta yawo daga ciki zuwa ciki har ta sake yin ƙarfi, wannan ne ma dalilin da ya sa ba a daina zagayawa ba bayan shelar 2020, kuma maganinsa shi ne a yi wa yara duka. In uba ya tambaye shi don me ake kawo wannan kyauta har ƙofar gida alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai an saya, kada ya yi masa tsawa, gama tambaya ce ta mai hankali, hukuma kuma ita ya kamata ta amsa ta da aiki. Hakkin da ke kan uba kuwa shi ne ya kai shakkarsa wurin wanda ya sani, ya tambaya har ya gamsu, kada ya ɗauki maganar bakin kasuwa ya yanke wa ɗansa da ɗan maƙwabcinsa hukunci da ita. Tsoro uzuri ne kafin bayani ya zo. Bayan ya zo, wanda ya toshe kunnensa ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

Da a ce yau za a yi shela a garinmu cewa ga yara saba'in kwance a asibiti, ana neman masu matsa musu jakar iska, na tabbata kafin la'asar layin masu zuwa zai kai bakin titi, domin mutanenmu ba su da rowar tausayi ga abin da suka gani. Abin da ake nema gare mu ya fi wannan sauƙi a jiki, ya fi shi wuya a zuciya: mu buɗe ƙofa mu miƙo yaro lafiyayye, don kare wani yaron da ba za mu taɓa sanin sunansa ba, mu kuma yi wa mai akwatin ƙanƙara sannu da aiki, mu ba ta ruwa ta sha.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon gane alheri ko ba mu gan shi da ido ba, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.